Shamuwar da Aka Soke da Jan Biro

Iska ce ta fara yi mini maraba a ƙasar Sifaniya, kuma ba marabar mutunci ba. Ina saukowa daga bas a wani ƙaramin gari na bakin teku ta fizge hular da Inna ta saya mini a kasuwar Yelwa, ta tsallaka titi da ita. Na bi ta a guje da jaka a kafaɗa, magidanci ɗan shekara talatin da takwas mai 'ya'ya huɗu, Turawa na zaune bakin hanya suna shan shayi suna kallona. Na cafke ta a gindin wata mota, na kaɗe, na mayar a kai na danne da hannu. A raina na ce, to, haka za mu yi da ku ke nan.

Sunana Bawa. Matuƙin kwalekwale ne ni, daga wani ƙauye a ƙasar Ngaski, bakin tafkin Kainji. Shekara tara ina ɗaukar masu binciken tsuntsaye daga wannan tsibiri zuwa wancan. Tun ina riƙe musu jaka har ya zama ni ke nuna musu abin da suka zo nema. Ɗaya daga cikinsu ne ya samo mini gurbin horo na wata biyu a wani sansanin ƙidayar tsuntsaye, daidai mashigin tekun da Maroko ke kallon Turai ido da ido. Duk bazara, tsuntsayen da suka yi rani a wajenmu ta nan suke tsallakawa su koma arewa. Alkawarin da aka yi mini shi ne, in na gama za a ba ni takardar shaida, da ita kuma za a damƙa mini ƙidayar tsuntsayen tafkinmu, in daina zama ɗan tuƙi kawai.

A wasiƙar gayyata an rubuta ɗaki da gado. Ɗakin kam akwai shi, sai dai na ajiyar kaya ne, gadon kuwa katifa ce da aka shimfiɗa tsakanin akwatuna da ƙafafun madubin hangen nesa. Washegari, kafin a nuna mini ko da tsuntsu ɗaya, aka ce in gyara zaman hulata in riƙe madubi a ɗauke ni hoto. Bayan kwana uku na ga fuskata manne a bangon ofis, ina murmushi kamar an ba ni kujerar Makka. Hoton ya riga ni fara aiki. Ni dai mako biyu cur ba abin da na yi sai dakon kaya zuwa kan tudun da ake ƙidaya.

Shugaban sansanin wani dogon Bature ne siriri, mai dogon wuya, yana iya tsayawa awa guda bai motsa ba. Tun ranar farko na raɗa masa suna Zalɓe, kuma da shi zan kira shi a nan. Ba zan tauye masa haƙƙi ba, mutumin ya san tsuntsu. Shi ya koya mini yadda ake yanka garke goma-goma da ido in ya yi yawa, da yadda ake gane shaho daga yanayin bugun fiffikensa tun yana ɗan ɗigo a sama. Matsalarsa ɗaya ce: a ganinsa ilimi hanya ɗaya yake bi, daga arewa ya gangara kudu. Tsuntsaye ne kaɗai aka yarje wa su biyo ta ɗaya hannun.

Azumi ya same ni a can. Da ba don Abdussalam ba, direban motar sansanin, mutumin Maroko, da biskit da ruwan famfo zan riƙa buɗe baki. Kullum in rana ta faɗi sai ya ƙwanƙwasa mini ƙofa da kwanon miya mai zafi da matarsa ta dafa, da dabino uku. Larabcina na makarantar allo ne, Turancinsa kuma duk a karye yake, amma mun fahimci juna.

Kewa kuwa a kan tudun nan ta fi kama ni. Ka tsaya ka ga shirwa ɗari-ɗari suna tahowa daga ɓangarenmu, ƙasa-ƙasa da ruwa, a gajiye, iska na mayar da su baya suna sake yunƙurowa. Wata ta iso ta faɗi a kan dutse baki buɗe, wata ta sare saura ƙiris, teku ya haɗiye ta muna kallo. In tsattsewa suka wuce sai in ce wataƙila waɗannan makon jiya suna shawagi a kan fadamun shinkafa na Shanga. Na yi kewar warin banda a kasuwar kifi, warin da a gida nake toshe wa hanci.

Ran Juma'a nakan kira Inna.

"Bawa, kana cin abinci kuwa? Muryarka ta yi sanyi."

"Ina ci, Inna. Ya jikin Baba?"

"Shina nan gindin tsamiya, kullum tun da sahe. Mutane na ta tambaya, shi ko bai ce komi ba tukuna."

Dole in yi bayanin abin da mutane ke tambaya, don a kansa duk rigimar ta ginu. A ƙauyenmu ba mai fitar da irin shuka daga rumbu sai wani daga gidanmu ya ce ya ga shamuwa ta sauka a kan tsamiyar tsakiyar gari. Ita ke shigowa gaba da damina. Ba sarauta ba ce, ba rawani, ba ko goro, gado ne kawai tun daga kakan Baba. Dokarsa biyu: ba ka cewa ka gani sai ka gani, in kuma ka ce, ba ka janyewa. An taɓa yin wani mutum, ba ɗan gidanmu ba, da ya hango wani tsuntsu daga nesa ya yi ta shela. Mutane suka zuba iri a ƙasa, ruwa ya ƙi zuwa, iri ya lalace. Da aka ritsa shi sai ya ce, "Kila ba ita ba ce." Har ya mutu Kila ake kiransa, kuma har yau in jikokinsa suka yi rantsuwa a kasuwa sai an nemi shaida.

Wata safiya cikin Afrilu iska ta kwanta, tsuntsaye suka ɓarke da tsallakowa. A lokacin an fara ba ni takardar ƙidaya da fensir. Wajen hantsi wani ƙaramin garke ya taso daga teku, irin manyan baƙaƙen tsuntsayen nan 'yan uwan shamuwa da ke hayayyafa a Turai. Na ƙirga goma sha ɗaya. Can a ƙarshe akwai ta goma sha biyu, ƙarama, ƙafafunta gajeru, tana bugun fiffike da sauri don ta cim musu. Sai ta karkata, rana ta haske bayanta, na ga farin nan fat daga tsakiyar baya har gindin wutsiya. Na gane ta kamar yadda mutum ke gane uwarsa daga baya a cikin kasuwa.

"Shamuwa!" Da Hausa na yi ihun, na manta inda nake.

Kafin sauran su juyo da madubansu garken ya sha kwana bayan tsauni. Na rubuta sunanta na Turanci, da lokaci, da adadi: ɗaya.

Zalɓe ya leƙa takardar, ya yi murmushi. Ya ce, "Irin tamu ce, ƙarama ce kawai, ta bara."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙuruciya ba ta shafa wa tsuntsu fari a baya. Naku bayansu baƙi ne wuluk."

"Bawa, wannan tsuntsuwar ba ta tsallake hamada, balle teku."

"Ni ma haka aka ce, ga ni kuma."

Wasu suka yi dariya, shi bai yi ba. Ya dafa kafaɗata, ya sassauta murya, ya ce ya san ina azumi, ya san ina kewar gida, kuma idon da ke kewa yakan ga abin da zuciya ke so. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya zaro jan biro daga aljihu, ya ja layi a kan rubutuna a gaban kowa.

Da yamma ya kira ni ofis, ƙarƙashin hotona mai murmushi. Ya ce don a yi mini adalci ya tura mutum biyu sun duba fadama da babban jujin gari, inda irin waɗannan tsuntsaye ke kiwo, ba su ga komai ba. Ya turo mini wata takarda in sa hannu cewa na yi kuskure. Ya ce kuskure ba laifi ba ne, kowa na yi, amma ba zai ba da shaida a kan idon mutumin da ba ya karɓar gyara ba. In na sa hannu, gobe in koma tudu, in gama in karɓi takardata. In na ƙi, ba ni ba ƙidaya.

Na dubi takardar. A cikinta na ga shekara tara na tuƙi, da makarantar yarana, da mutumin da ya tsaya mini har na zo. Sannan na ga jikokin Kila a kasuwa. Na ce, "Da kuskure na yi da tuni na sa hannu da hannu biyu. Na gan ta." Na tura masa bironsa na fita.

Abdussalam ya kusa kifar da miya da ya ji. Ya ce, "Ɗan'uwa, ka haukace? Takarda ka zo nema ko tsuntsuwa? Sa hannu, Allah ya san ka gani." Na ba shi labarin tsamiya da na Kila, rabi da baki rabi da hannu. Ya girgiza kai, ya ce taurin kaina irin na jakin kakansa ne. Da safe na tarar da kekensa jingine a ƙofata, da taswira a ɗaure a sirdi.

Abin da Zalɓe bai sani ba, kuma babu shi a littafinsa, shi ne shamuwa ba tsuntsuwar daji ba ce. Ba ta kwana inda ba ta jin motsin mutane. Da rana ta bi manomi ko garken shanu tana tsintar fara, da yamma ta nemi itace mafi tsawo a tsakiyar gari. Sun je nemanta a fadama da juji, inda tsuntsayensu ke zuwa. In kana neman tamu, ƙasa za ka duba ba sama ba, ka nemi farin kashi a gindin itace, sannan ka tambayi mai shara. A garinmu tsofaffin matan da ke share gindin tsamiya sun fi kowa sanin abin da ya kwana a kanta.

Na zana ta a bayan kwalin biskit, da farin bayanta da jan gwiwarta, na hau keke. Ƙauye-ƙauye na bi, duk inda na hango dogon itace da gonar da aka kafce. Iska ta dawo da ƙarfinta, wani wurin sai na sauka na tura. Karnuka sun bi ni sau biyu. Wani manomi ya daka mini tsawa daga kan tarakta tun kafin in ɗaga kwalin. 'Yan sanda suka tare ni a wata mararraba, suka juya fasfo ɗina gaba da baya, suka tambayi abin da nake nema a gindin itatuwan mutane. Na nuna musu zanen. Ɗaya ya dubi ɗaya, suka miƙo mini fasfo da irin tausayin da ake yi wa mai taɓin hankali.

A rana ta uku ne shakka ta kama ni. Na zauna a bakin kwalbati, maƙoshi ya bushe, gwiwoyi sun ƙi, na ce Bawa, in fa yunwa ce ta zana maka farin nan? In fa Zalɓe ne da gaskiya? Na rufe ido na sake kallon abin da na gani, tun daga tasowarta har karkatawarta. Farin yana nan inda yake. Na tashi na hau keke.

Rana ta huɗu da la'asar na shiga wani ɗan ƙauye mai fararen gidaje, bai fi gida talatin ba. A bakin wani gida akwai dogon itacen turare, a gindinsa wata tsohuwa da baƙar riga tana shara tana mita ita kaɗai. Ko ban ji yarenta ba na san mitar, irin ta Inna ce in kaji sun ɓata mata shanya. Na duba ƙasa, ga farin kashi shirim, har a kan igiyar shanyarta. Na gaishe ta da 'yan kalmomin da na iya, na miƙa kwalin. Ta matso da shi kusa da ido, sai ta buga tsintsiya a ƙasa, ta nuna sama, ta nuna wani zanen gado da aka ɓata mata, ta ɗaga yatsu huɗu. Kwana huɗu ke nan ana yi mata wannan ta'asa.

Ta buga ƙirji ta ce Karmen, na buga nawa na ce Bawa. Ta fito mini da kujera, ta kawo burodi da lemo. Na nuna rana, na nuna bakina, na girgiza kai. Ba ta yi fushi ba, ta naɗe su a ƙyalle ta cusa a kwandon keken. Muka zauna muna jira, ita da tsintsiyarta a cinya kamar mai jiran ɓarawo.

Rana ta yi ja sai ga shamuwar. Ta taho daga wajen gonaki, ta zagaya itacen sau ɗaya, ta sauke ƙafafu ta dira a reshen sama. Shuɗin fuskar nan, ɗan jan nan a gefen ido, jan gwiwa, ciki fari fat. Ta karkata kai ta dube mu, ko a jikinta. Na miƙe na cire hula na ce da ita abin da Baba ke cewa duk shekara: "Barka da isowa, baƙuwar alheri." Daga nan kuka ya ƙwace mini, na yi shi sosai, tsohuwa na bubbuga bayana tana yi wa tsuntsuwar faɗa. Sai da na natsu na ɗauki hoto da wayata na aika wa Abdussalam.

Kafin hantsin washegari ƙauyen ya cika da motoci. Mutane daga garuruwa masu nisa, da kyamarori kamar turmi, suna tattake wa Karmen furanni. Zalɓe ya kafa madubinsa ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago ya miƙo mini hannu ya ce, "Ita ce." Na karɓi hannun, don ni ba a koya mini barin hannun babba a sama ba.

Na ɗauka magana ta ƙare, ashe da saura. Bayan kwana biyu ya nuna mini rahoton da zai aika. An rubuta cewa ma'aikatan sansaninsa sun gano ta a ƙauye kaza ranar kaza, kuma mai yiwuwa daga wani gidan namun daji ta tsere. Ba a ambaci ranar da ta tsallako teku a gabana ba. Takardar shaidata na gefe, an buga sunana da manyan baƙaƙe, saura sa hannunsa, da nawa a kan waccan ta kuskure.

Na ce, "Jan layin fa?"

Ya ce doka ce. Ranar ba hoto, ba shaida na biyu, ba wanda zai iya tabbatar da cewa tsuntsuwa ɗaya ce. Layin zai zauna a soke.

"Wato ta ƙauye gaskiya ce don kai ka gan ta, ta tudu ƙarya ce don ni na gan ta."

Na ce ya riƙe takardarsa, ya ba ni kwafin takardar ƙidayar da ya soke. Ya ba ni, yana kallona kamar yadda 'yan sandan nan suka kalle ni. A hanyar fita na ɓamɓare hotona daga bango, don shi ma ya gama aikinsa. Ba zan yi ƙarya ba, a cikin jirgin dawowa na yi da-na-sani ya fi sau goma, kuma har yau in na ɗauko baƙi a kwalekwale wani yana riƙe da takardar ƙidaya ni ina riƙe da inji, abin yakan ci mini rai.

Daga Yelwa na shiga jirgin ruwan 'yan kasuwa zuwa gida. An riga an yi ruwa sau ɗaya, ƙasa na ƙamshi. Tun daga bakin gaɓa na hango tsamiya, na tsaya cak. Shamuwa bakwai a kanta, har sun fara jan kirare na sheƙa. Amma gonakin da na wuce ba a taɓa su ba.

Inna ta tare ni a ƙofar gida, ta ja ni gefe. "Kwana tara ke nan da sunka iso. Kowa na ganinsu. Idanun babanka ne sunka tahi, tun kana can, ya hana in hwaɗa maka. Samari na ta gunaguni, dattawa sun ce ba mai taɓa rumbu sai an ji daga gidanga."

Na same shi a gindin tsamiya, fuska a sama, idanun sun yi fari. Na durƙusa na gaishe shi. Ya lalubo kaina ya shafa hular.

"Ina jin motsinsu bisa," ya ce. "Amma ji ba gani ba ne. Ina takardar da ka tahi nema?"

Na ba shi labari duka, na sa kwafin a hannunsa. Ya shafa shi da yatsa kamar zai ji jan layin.

"Ka ce ka gani?"

"Na ce, Baba."

"Anka ce ka janye?"

"An ce. Ban janye ba."

Ya ninke takardar ya sa a aljihunsa na ƙirji. Ya ce, "To ɗaga kai ka duba muna."

Ko yaro na goye ya san abin da ke kan itacen, amma na ɗaga kai na duba da kyau, ɗaya bayan ɗaya, har sai da wata ta juya na ga farin bayanta.

"Ta iso, Baba."

"Ba ni za ka hwaɗa ma ba. Tashi ka hwaɗa ma gari."

Na miƙe tsaye a tsakiyar garinmu, ba hoto, ba shaida na biyu, na ɗaga murya na ce shamuwa ta iso. Ban rufe baki ba na ji ana jan murfin rumbu a gidan da ke bayana.